Godiyar da Ta Raba 'Yata da Majami'a

Lokacin da abin ya faru ni matar kafinta ce, da ƙuruciyata, muna zaune a Yelwa da 'yarmu ɗaya tilo. Daga kudancin Bauchi muka zo neman abinci, ana sauran 'yan shekaru Turawa su tafi. A wancan zamanin, in aka ce mini dattawan ikilisiya na iya kuskure, toshe kunnena nake yi.

Ranar bikin auren wani ɗan'uwa, da la'asar, muna tsakiyar rawa sai ga wani tsohon soja na unguwarmu da bindiga a kafaɗa. Tun da ya dawo daga yaƙi kansa bai zauna daidai ba, kowa ya sani. Amma a wurinmu biki ba ya cika sai an harba bindiga sama, saboda haka muka buɗe masa fili, ni da bakina na rangaɗa masa guɗa. Ƙarar farko tafi aka yi. Sai da mai ganga ya kife a kan gangarsa muka gane ba sama yake harbi ba. Kowa ya yi ta kansa. Mijina kuwa wajen mutumin ya nufa, ya cafke bakin bindigar da hannu biyu, bai saki ba har samari suka danne tsohon sojan. Harsashin ƙarshe a cikin mijina ya tsaya. Washegari muka binne shi tare da sauran waɗanda harbin ya kashe, har da wata tsohuwa da jikarta.

Wannan tsohon sojan ban riƙe shi a zuciya ba, mara lafiya ne. Masu lafiyar ne suka ƙona mini rai. Makoki bai gama watsewa ba aka sa Lahadin godiya domin waɗanda suka tsira. Ina zaune da 'yata, suka taso gida-gida da rawa, wannan da kaza, wancan da damin dawa, suna kaiwa gaban bagadi. Sai wani dattijo, wanda da idona na gan shi kwance a bayan rumbu ranar, ya miƙe ya ba da shaida. Wai harsashi ya wuce ta gefen kunnensa domin bai taɓa fashin addu'ar asuba ba, wai a ranar Allah ya nuna ya san nasa. Aka amsa da amin har majami'a ta ɗauka. 'Yata, wadda ba ta fi shekara tara ba, ta jawo zanena ta tambaye ni a hankali ko Baba ba na Allah ba ne, kuma wane zunubi ya yi.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce wa dattijon hannun mijina ne ya tsaya tsakaninsa da kabari, in godiya yake so ya yi, ga marainiya nan zaune, ya fara da ita. Na ce su gaya mini laifin jikar tsohuwar nan da ko yaye ta ba a yi ba. Bayan sujada aka kira ni gaban dattawa, aka ce na tsawata wa babba a ɗakin Allah, na kuma yi wa Ubangiji gunaguni. Aka sa ni horo: bencin baya, ba ni ba jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da masu bi ke karɓa a bagadi, sai na tuba a gaban jama'a. Shi kuwa mai shaidar nan ko ƙala ba a ce masa ba.

Na zauna a bencin bayan, domin ba don su nake zuwa ba. Amma yarinya ta ga ubanta a ƙasa, ta ga uwarta a baya kamar mazinaciya, sai ta ɗauka abin da dattijon ya faɗa gaskiya ne. Ta daina rufe ido in muna addu'a. Na yi ta gaya mata Allah bai ƙi ubanta ba, ta ce to me ya sa ba a faɗi haka a gaban jama'a ba.

Har yau ni mai bi ce, kuma har yau ban san dalilin da Allah ya bar abin ya faru ba. Na koyi cewa rashin sanin ba zunubi ba ne. Ƙirƙiro wa Allah dalili don ka ji daɗin kanka, shi ne mugunta. Ku da kuka tsira daga wani bala'i, ku gode, amma kafin ku ce an zaɓe ku, ku waiga ku ga wa ke zaune a bayanku. 'Yata yanzu tana da jikoki. In ta kawo ni sujada, a bakin ƙofa take tsayawa har a tashi.