Ƙarfen Gwaggo Ba Sammu Ba Ne

Da Gwaggo Ladi ta rasu, rabona a cikin kayanta wani ƙarfe ne siriri mai ɗan kauri a tsakiya, an naɗe shi da farin ƙyalle. Matata Hajiya na ganinsa ta ja da baya tana salati.

"Malam, sammu ne! A jefa shi kududdufi tun kafin ya kwana a gidan nan."

Jikokina suka ɗauke shi hoto da waya, wai za su tambayi duniya. Duniya ta ce musu sakatar ƙofa ce. Ana cikin gardama sai ƙarfen ya suɓuce ya gangara a kan siminti. Ƙarar nan ce ta mayar da ni ɗakin kakarmu Iya, mahaifiyar Gwaggo.

Bayan isha'i Iya kan zauna kusa da murhu, faffaɗan dutse a gabanta, tana mirgina wannan ƙarfe a kan auduga, angurya na fita gefe ɗaya. Mu kuma mu kewaye ta.

"Ga ta nan tafe," in ji ta, in za ta fara tatsuniya. "Wanda ya yi gyangyaɗi shi zai tsince mini angurya."

Wanda ta fi ba mu shi ne labarin wani mai gaggawa a gindin dutsen Kufena. Ya ƙi jira a gurza masa auduga, ya sa aka yi masa riga da ƙwayar a ciki. Ruwan farko ya same shi a hanya, rigar ta tsiro kore shar. Awaki suka bi shi har kasuwa, suka cinye ta a jikinsa.

"Sai ya koma gida da me, 'yan nema?"

"Da wando!" Mu yi ta dariya har ta daka mana tsawa.

Da ƙarfen nan aka tufatar da gidanmu kaf, yau ga shi ana tofa masa addu'a. Na ce musu na gurzar auduga ne. Hajiya ta ce in gwada ta gani. Aka bincike gida, ba a samu auduga ko ta goge kunne ba. Na farke matashin kaina don haushi, ashe soso ne a ciki.

Da ina yaro na ɗauka mutumin Kufena kawai Iya ke yi wa dariya. Yanzu na ga a gidana jikokinsa suke zaune: mutanen da ba sa iya jiran a tantance abu kafin su yanke masa hukunci.

Ƙarfe dai ba ya zuwa kududdufi. Na aika ƙauye a kawo mini auduga mai ƙwaya, kuma Hajiya ce za ta fara gurzawa.