Dariyar da Baba Bai Ji Ba

Ranar wata Laraba, a daminar da nake aji shida, ruwa ya tsuge a Wunti, na dawo daga makaranta a jiƙe na iske Baba a zaure ya ɗora tafinsa a kan ƙyauren langa-langa, yana jiran tsawa ta girgiza shi. Shekara guda ke nan da sanƙarau ya tafi da jinsa. Tela ne, kullum yana taka kekensa, amma ƙarar ba ta isa gare shi. Na yagi takarda na rubuta masa, "Ruwa na rugugi a rufin kwano, indararo na zuba shaa." Ya bi layin da yatsa, leɓensa na motsi, sannan ya ce, "Na ji shi, Uwata."

Daga ranar na zama kunnensa. A littattafan soyayyar da nake karɓa haya a kasuwa na tsinci dabarar, inda zuciyar budurwa ke bugawa fat-fat, hawaye na zuba shar-shar. In na gama shara da wanke-wanke, ƙawayena na ’yar gala-gala a waje, ni ina bakin rijiya na kasa kunne. Guga ya faɗa tsundum, taɓarya tana tim-tim, kaji na kyarkyara kusa da kicin. Na lura in kalmomi suka fara da harafi ɗaya yakan yi ta maimaita su yana murmushi, sai na riƙa jera masa su har takarda ta cika.

Sai aka haifi ƙanwata Ummi. Ranar da ta fara dariya tana kan cinyarsa. Ya daɗe yana kallon bakinta, sannan ya miƙo mini biro. Kwana uku ina gwadawa. Na rubuta ƙyal-ƙyal, na soke, na sake rubutawa. Ya karanta ya girgiza kai. "Wannan dariyar kowa ce. Tata nake so." Ashe ruwa da guga ya taɓa jin su, tuni kawai nake yi masa. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, bai ƙara neman in rubuta masa komai ba. Ya rasu Ummi tana shekara uku.

Yanzu ina Gwallameji ina rubuta labaran soyayya, masu karatu suna cewa kamar suna jin abin a kunnensu. Ummi ta girma, in za ta yi dariya sai ta rufe baki da mayafi, waccan ta jarirantaka kuwa ni ma ta ɓace mini. Na ji ta da kunnena, amma ban iya ajiye wa kowa ita ba.