Lotsawar Ƙofar Motar Baba

Na ɗaga guduma ke nan zan miƙar da lotsawar ƙofar a-kori-kurar marigayi Babanmu, tsohuwar motar da nake lallaɓa gyaranta duk Asabar, sai Inna ta leƙo daga soro.

Ta ce, "Bar wurin nan. Sa ne ya tunkuye ta a Maruta, tun zamanin fetur na araha, ranar da Malam ya ɗauko ni zuwa asibitin Birnin Kudu zan haife ka. Inji ya canja, tayu ya canja, nan kuwa bai taɓa ba. Kana tsammanin bai san mai gyara ba ne?"

Na ajiye gudumar. Fenti za ta sha, amma lotsawar tana nan.

Ku ma akwai abin da kuka ƙi gyarawa da gangan?