Ƙarshen Kiɗan da Baba Ɗanlami Bai Ji Ba

Da safen nan Anti Ladi ta kira ni ina tsaka da wanke-wanke. Ta ce, "Zainabu, Baba ya tafi." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Baba Ɗanlami Mai Garmaho ke nan, mahaifinta, maƙwabcin kakana a Birnin Gwari. Idan kun ga kuskure ku yi mini uzuri.

Furojet ɗina na kammala jami'a a kan tallan fayafayan kiɗa ne a gidan rediyon gwamnati, shekarun farko bayan samun 'yancin kai. Na rasa wanda ya ga abin da idonsa, sai kakana ya ce in leƙa gidan da ke bayanmu.

Ranar farko Baba Ɗanlami ya dube ni ya ce, "Amarya, sai da boko ya matse ki kika tuna da mijinki?" Wasan jika ne, da sunan ya ci gaba da kirana.

Shi yake korar kaji don kada kukansu ya shiga rikodin ɗina. Idan na tambayi shekara bai tuna ba, ba ya ƙirƙira. Sai ya ce, "Rubuta tun ana kashe fam da sule. Iyakar abin da na tabbatar ke nan."

Ga yadda ya ce tallan yake. Wani kamfanin fayafayai ya sayi fili a rediyo. Mai gabatarwa zai sa faifai, har da kiɗan Turawa na dauri, wanda goge ne da busa zalla babu waƙa. Daidai inda ya fara daɗi sai ya ɗage allura, ya ce mai son jin saura ya nemi wakilinsu. Baba ne wakilin a yankinmu. Yakan ɗaure garmaho, na'urar kunna faifai, a bayan keke ya bi kasuwannin Kuyello da Kutemeshi da Kazage, ya wana shi a gindin bishiya, mutane su ji ƙarshen abin da rediyo ta yanke musu. Masu saye kaɗan ne, yawanci malaman makaranta. Masu saurare kuwa har da Fulani da suka kawo nono.

Akwai faifai ɗaya da aka yi ta tallansa wata damina, ya shiga ran mutane, ya shiga nasa. Motar da ta ɗauko faifan daga Kaduna ta kafe a taɓo cikin daji, akwatin ya faɗo, fayafayan suka farfashe. Kafin a aiko wasu an sauya talla. Sunan kiɗan kuma ba na Hausa ba ne, bai iya riƙe shi ba.

A Kuyello aka tsare shi da tambayar ina ƙarshen. Sai ya yi musu rabin da kowa ya sani da fito, ya ɗora nasa ƙarshen.

Ya ce mini, "Na ƙare wa mutane, ni ba wanda ya ƙare mini."

Na ɗauki fiton nasa a waya na kai wa wani lakcara a sashen kiɗa. Ya saurara, ya ba ni kiɗa guda biyu, ya ce ɗaya ne daga ciki amma ba zai rantse ba. Na shiga damuwa. Ina tsoron in kai wa tsoho abin da ba shi ba, ya karɓa don kara.

Bayan ƙaramar Sallah na je, duk da Mama ba ta so ba, kun san halin hanyarmu. Na tarar ya rame, yana jingine a zaure.

Na kunna na farko. Bai daɗe ba ya ce, "Wannan ba matata ba ce, sauya."

Na kunna na biyu. Ya rufe ido, yatsunsa na motsi a kan gwiwa. Can ya ɗaga hannu. "Tsaya. Nan suke yankewa."

Na tsayar. Ya sauke hannun.

"To, sake shi mu ji."

Ya saurara har kiɗan ya yi ƙasa ya ɗauke. Ya goge ido da bakin riga ya ce, "Ashe a hankali yake ƙarewa. Ni nawa da hayaniya na ƙare shi." Na ce ko in je Kuyello in gyara masa suna. Ya yi dariya har da tari. "Wa za ki gaya wa, Amarya? Waɗanda suka ji nawa duk sun riga ni."

Ya sa Anti Ladi ta ƙulla mini dafaffiyar gyaɗa. Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Yau a waya ta ce mini ya cika ne bayan sallar asuba, yana zaune a kan buzunsa, ba wani dogon ciwo.

Ya Allah Ka gafarta wa Baba Ɗanlami, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka ba Anti Ladi da 'yan'uwanta haƙuri. Ku da kuka karanta har nan, ko ba ku san shi ba, don Allah ku ambaci sunansa a addu'arku ta yau.