Rigar Lamba Goma

A shekarar da nake buga baya a ƙungiyar unguwarmu a Ƙaura Namoda, mutum biyu suka nemi lamba goma, wato mai raba ƙwallo. Ɗaya tela ne da ya shekara shida riƙe da gurbin. Ɗayan sabon ɗan wasa ne, kullum daga Moriki yake zuwa a kan mashin.

Koci ya ce sai an yi atisayen mako biyu zai zaɓa. Ana saura kwana uku ɓarayin daji suka tare hanyar Moriki, sabon ya kasa fitowa. Ranar zaɓe koci ya miƙa wa telan riga, amma ya ƙi karɓa.

Ya ce, "Koci, bari ya taho tukuna. Ba a kokawa da wanda ba ya nan."

Kwana biyar muka jira. Da ɗan Moriki ya iso aka raba mu gida biyu, kowa ya buga iyakar ƙarfinsa, kuma ɗan Morikin ne ya fi. Telan ne ya fara ba shi hannu. Kakar nan duka a benci telan ya yi ta, amma ban taɓa riga shi zuwa fili ba.