Rumbun Gidan Lokotoro Maikano

Duk wanda ya ce wa A'i mijinta mai taurin kai ne, sai ta gyara zama ta ce ai bai san komai ba tukuna.

Maikano ɗan Matankari ne, ɗan talaka. Da Nasara suka ce a ba su yara a sa lakwal, makarantarsu ta boko, manya suka ɓoye nasu, aka tura shi. Can aka juya shi aka juya, ya dawo Dogon Dutsi da farar riga da akwatin allura, mutane suna ce masa lokotoro. A asibiti ba ya ɗaga murya, a gida kuwa ya fi yara surutu. Abin da ya fi ba A'i haushi shi ne yadda yake yi da Sa'a, 'yarsu ta fari. Kowa ya san 'yar fari kunyarta ake ji, ba a kiran sunanta, ba a wasa da ita a gaban mutane. Shi ko sai ya ɗora ta a wuya ya zaga gari yana Sa'a kaza, Sa'a kaza. A'i dai ba ta taɓa wuce “ke yarinya” ba.

Sai ga shekarar sanƙarau. Kwamandan, Baturen da ke mulkin garin, ya sa aka kafa rumfunan zana a bayan gari, ya ce duk wanda wuyansa ya sandare a kai shi can, kuma kada dangi ko ɗaya ya shiga. Aka ajiye gardi, dogarin Nasara mai jar hula da bindiga, a ƙofa. To wace uwa za ta miƙa ɗanta inda ba za ta ba shi ko ruwa ba? Mata suka koma ɓoye marasa lafiya cikin rumbu, tsakanin dammunan hatsi, ana rufewa a zafin bazara. A nan yara suka riƙa ƙarewa, ga magani a akwati ba wanda za a ba. Maikano ya je ya roƙi kwamandan a bar uwaye su shiga. Aka ce masa ya tsaya kan allurarsa.

Ranar da zazzaɓi ya kama Sa'a, wuyanta ya ƙi lanƙwasa, matar lokotoro guda ta yi abin da kowace mace ta yi. Da azahar Maikano ya shigo, bai ji an rugo an tare shi ba, ya ga tsani jingine da rumbu. Ya hau ya sauko da yarinyar, jikinta kamar garwashi.

“Har ke, A'i?”

“Har ni, Malam! In ka kai ta can, wa ka ba ta ruwa? Gardi?”

“Ke za ki ba ta. Ɗauko tabarma da tulu, mu tahi.”

Bai bi ta lungu ba. Ta tsakiyar kasuwa ya ratsa da 'yarsa a kafaɗa, A'i a baya tana kuka, mata suna leƙowa ta kan danga. A ƙofar zana gardin, wani Rabo, ya gitta bindiga.

“Lokotoro, an hana. Kai ma ka sani.”

“Na sani, Rabo. Ɗiyata ta, wagga kuma uwatta. In harbi anka ce ka yi, hwara da ni.”

Rabo ya dubi ƙasa, ya janye. Kafin la'asar mata sun fara fitowa da 'ya'yansu a goye, ƙaiƙayi a gashinsu, suka bi sawun A'i. Kwamandan ya iso a kan doki yana zazzaga faɗa da Faransanci. Maikano ya tuɓe farar rigar ya miƙa masa, ya ce rigar tasu ce, hannuwan kuwa nasa ne, ya juya ya ci gaba da allura. Da ciwon ya lafa aka sallame shi daga aiki. Bai taɓa komawa neman afuwa ba, ya koma gonarsa, masu ciwo suna sallama a zaurensa har ya tsufa.

Amma A'i ba wannan take fara tunawa ba. A cikin rumfar, da ta ga numfashin yarinyar yana ja da baya, kunya ta fita daga kanta. Ta rungume ta, ta buɗe baki a gaban kowa ta ce, “Sa'a! Sa'a, tashi!” Yarinyar ta tashi kuwa, ta rayu, ta yi aure, ta haifi nata. Sai dai ciwon ya tafi da kunnuwanta. Sunan da uwarta ta adana tun ranar suna, ta fito da shi a lokacin da babu mai ji. Wannan abu ya ci A'i a rai ƙwarai.

Daga ranar ba ta ƙara cewa “ke yarinya” ba. Ko bayan rasuwar Maikano, a gidan biki ko a bakin rijiya, sai ta ɗaga murya ta kira sunan. Tsofaffi su ce ba ta da kunya, kuma ai wadda take kira ɗin ba ta ji.

“Ni ina ji,” in ji A'i. Sai ta sake kira.