Shekara Bakwai Bayan Yaya Sule da Takardun Jininsa

Shekara bakwai ke nan da muka binne yayana Sule, mahauci a kasuwar Batsari. Har yau ba na yin shiru idan wani ya ce ciwon ƙoda ne ya ci ƙarfinsa. Ina wurin, ba haka aka yi ba.

Da ƙodojinsa suka daina aiki, ni nake raka shi Katsina wankin ƙoda sau biyu a mako. Duk wata sai an ɗebi jininsa an auna. Wata rana likita ya ja ni gefe, ya nuna mini takarda. Ya ce sinadarin gina jiki ya yi ƙasa ƙwarai a jinin Yaya, kuma masu irin wannan sakamakon ba kasafai suke daɗewa ba. Ashe Yaya yana ji ta bayan labule.

"Likita," ya ce, "jinin nawa ne ko na ƙanena? Zo ka faɗa mini."

Likita ya zauna ya yi masa bayani. Yaya bai yi boko ba, amma ya sa aka ja masa layi ƙarƙashin lambobin da ake dubawa, ya haddace su. Ya bar gyaɗar garin Karare da yake matuƙar so, ya hana a sa masa kanwa a miya, ya riƙa cin ƙwai da tsoka yadda aka tsara masa. Dangi suka ce yana jayayya da ƙaddara. Ya ce, "Ajali na Allah ne. Shi kuma ya ba likita ilimin nan, ba zan watsar ba."

Lambar ta riƙa hawa sannu a hankali. Shekara huɗu ya ƙara, har ya koma tsayuwa a gaban teburinsa ranar kasuwa.

Sai 'yan bindiga suka tare hanya. Direbobi suka ajiye motoci. Wanki biyu ya wuce shi. Da muka isa asibiti, jikinsa ya kumbura, dattin jini ya taru har ya taɓa zuciya. Kafin a gama haɗa shi da injin wankin ƙoda, rai ya yi halinsa.

Yanzu ina jin an ce likitoci suna ƙara gano alamomi a jini da ke nuna wanda haɗari ke tunkara tun da wuri. Da Yaya yana raye, zai yi murna, na sani. Sannan zai tambaya: mutumin Ruma ko Tsaskiya da aka yi wa gargaɗin, ta wace hanya zai isa wurin injin?

Taurin kansa na gada. A makon jiya aka ce mini wata dattijuwa a Safana ƙafafunta sun kumbura, 'ya'yanta sun ce a bar ta a gida, hanya ba kyau. Na je na ce, "Inna, ki shirya." Mun je, an ɗebi jini. Jibi za mu koma.

Allah Ya jiƙan Yaya Sule.